Wa motar lantarki za ta fara ɗauka a Libreville?

Tun gari bai gama wayewa ba bakin titin PK12 yake cika. Mata da buhunan rogo da kawunan ayaba, 'yan makaranta da jakunkuna a baya, masu shaguna a kasuwar Mont-Bouët da makullai a aljihu, kowa ya zuba wa titi ido. Tasi za ta rage gudu, mutum ya sunkuya a taga ya faɗi inda za shi da abin da zai biya. In tayin ya yi wa direba sai ya danna oda, ka buɗe ƙofa ka shiga. In bai yi masa ba, ko kallonka ba zai yi ba, sai ya taka mota ya wuce. Ranar da aka tashi da ruwan sama, kuma Libreville, babban birnin Gabon, ba ta rabo da irin wannan rana, tayin jiya ba ya ɗaukar kowa. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 12 ba sai a yanka ta gunduwa-gunduwa: wannan direba ya ce iyakarsa PK5, wancan ya ce a Rio zai juya, kowane yanki da kuɗinsa. Kafin mai tumatir ta isa rumfarta ta riga ta ci wani abu daga ribar da ba ta kai ga samu ba. A bakin kasuwar kuma, wajen tsohuwar tashar mota, ƙananan bas da tasi da motocin kabu-kabu da 'yan baro sun sarƙe wuri guda, injina na ta aiki ba a motsi, hayaƙin gas yana sauka a kan kifi da atamfa da huhun duk wanda ya wuni a wurin.

A irin wannan gari ne zancen motar lantarki ya iso, kamar yadda ya iso kowane babban birni a Afirka. Masu zancen sun fi son a ƙirga na'urorin caji: birni kaza yana da dubu kaza, mu muna da nawa? Ina ganin wannan ma'aunin zai ɓatar da mu. Abin da ya kamata a auna birni da shi shi ne minti nawa da sefa nawa mai rumfa take kashewa daga gidanta zuwa kasuwa, da irin iskar da take shaƙa a hanya. In aka riƙe wannan ma'aunin, jerin aikin Libreville a bayyane yake: a gyara wuta, a ware wa bas hanyarta, a sa lantarki a motocin haya, motar gida ta zo daga ƙarshe. Biranen da suka riga mu sun nuna abin da ake samu in an bi wannan jerin, sun kuma nuna abin da ake samu in an birkita shi.

1. Hanyar Oslo da hanyar Dakar

Duk inda aka yi maganar motar lantarki sai an ambaci ƙasar Norwe, kuma ta cancanci a ambace ta. A 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a ƙasar masu batir ne. Yadda suka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Gwamnati ta yafe wa motar lantarki harajin saye na tsawon shekaru, ta rage mata kuɗin bin hanya da na ajiya, a Oslo ma aka ba ta damar bin layin bas. Wutar ƙasar kusan duk daga madatsun ruwa take fitowa, ga arha ga tabbas, kuma mutane da yawa suna da wurin ajiye mota a gida inda za su jona ta su kwanta. Norwe, kamar Gabon, ƙasa ce mai haƙo mai, shi ya sa wasu suke ganin ai hanyar a buɗe take. Amma a duba wanda ya ci moriyar wannan rangwame: mai iya sayen sabuwar mota. A ƙasar da kusan kowane gida yake da mota, wannan ya shafi jama'a da yawa. A Libreville, inda yawancin motocin da ke kan titi na hannu ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Owendo, inda kuma mafi yawan mutane ba su da mota ko ta hannun, rangwame irin wannan kyauta ce daga baitulmali zuwa ga wanda ya riga ya ƙoshi. Su kansu mutanen Oslo sun ga iyakar abin. Da motocin lantarki suka yi yawa sai suka cika layin bas har bas ɗin ta riƙa makara, dole aka riƙa janye musu wannan dama. Daga 2023 kuma aka dawo da haraji a kan masu tsada. Mota mai batir tana cin fili daidai da mai shan mai, kuma cunkoson Rio ba ruwansa da abin da ke cikin injin.

Dakar ta ɗauki wata hanyar. A Janairun 2024 aka ƙaddamar da layin bas na musamman mai tsawon kilomita 18 da 'yan kai, daga tashar Petersen a tsakiyar gari zuwa Guédiawaye, da tashoshi 23 da dogayen bas 121 masu aiki da batir, aka fara ɗaukar fasinja a watan Mayu. Tafiyar da take cin sa'a ɗaya da rabi an tsara ta koma minti 45. Abin lura shi ne ba batir ne ya rage wannan lokaci ba. Layin da aka keɓe ne, wanda tasi ba ta shiga, motar alhaji ba ta shiga. Batir ya kawar da hayaƙi da ƙara, ya rage kuɗin gas, amma hanyar ce ta dawo wa ma'aikaci da minti 45 na rayuwarsa safe da yamma. Kuma duk waɗannan bas ɗin a gareji ake yi musu caji, wurin da injiniya ya san yawan wutar da za a ja da lokacin da za a ja ta. Doguwar bas ɗaya tana ɗaukar mutum wajen 150. In da tasi mai fasinja huɗu za a kwashe su, sai an jera kusan 40. Petersen wuri ne na 'yan kasuwa da 'yan tebur da hayaniya, duk wanda ya san shi ya san ɗan uwan Mont-Bouët ne. Saboda haka misalin Dakar ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba.

Ko birnin Shenzhen na ƙasar Sin, da ake yi wa kallon uwar wannan harka, da motocin haya ya fara. A ƙarshen 2017 ya gama mayar da bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki, sannan ya bi ta kan tasi. Dalilin lissafi ne kawai. Motar lantarki tana da tsada wajen saye, tana da arha wajen tafiya: ƙaramar mota tana cin yunit 15 zuwa 20 na wuta a kilomita 100, inda mai shan fetur za ta sha lita 7 ko 8 a cikin gari. Wanda yake tafiya da yawa shi yake saurin mayar da kuɗinsa. Tasin da take cin kilomita 200 a yini za ta fanshi batirinta tun motar ofis, mai zuwa Boulevard Triomphal ta wuni a inuwa, ba ta fara ba.

2. Wutar fa, daga ina?

Nan ne duk mai zaman Libreville zai ɗaga hannu, kuma yana da gaskiya. Garin da ake raba wuta unguwa-unguwa, mai firiji yana zubar da kifi, tela yana zaman jira, mutum ya sayi yunit ɗin EDAN ya loda a mita amma ya kwana a duhu, shi ne za a ce a jona masa motoci? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tarihin abin ma sananne ne. Libreville ta daɗe tana dogaro da madatsun Kinguélé da Tchimbélé a kan kogin Mbei, waɗanda aka gina tun garin bai kai rabin haka ba, sai tashoshin gas na Owendo da suke tallafa musu. In rani ya yi, ruwa ya ja baya, wuta ta ragu. A Fabrairun 2018 gwamnati ta karɓe kamfanin wuta na SEEG daga hannun Veolia na Faransa, a Agustan 2024 aka sa shi ƙarƙashin shugabancin riƙo, a 2025 kuma aka kai ga sayen wuta daga jiragen ruwan kamfanin Karpowership na Turkiyya da aka girke a gaɓar Owendo. Babbar madatsar Grand Poubara mai megawat 160 tana can kusa da Franceville, nesa da inda rabin mutanen ƙasar suke zaune. Wanda ya ce wannan ba matsala ba ce, bai kwana a unguwar Nzeng-Ayong ba.

Amma wannan ƙorafi, in aka bi shi a hankali, hujja ce a kan na'urorin cajin motar gida, ba a kan bas ba. Na'urar caji mai sauri, ƙaramarta tana jan kilowat 50, wato kamar a kunna ƙananan na'urorin sanyaya ɗaki 50 a lokaci guda. A kafa irinta 20 a gidajen mai da manyan kantuna, an ɗora wa layin gari megawat ɗaya, kuma a daidai lokacin da mutane suka tashi daga aiki, lokacin da kowane gida ya kunna fitila da talabijin da fanka. Taransifomar unguwa ce za ta ji a jikinta. Yanzu a juyo ga bas. A ce bas 100, kowace tana buƙatar yunit 300 a dare. Jimla yunit 30,000 ke nan. In aka raba su a kan sa'o'i shida, daga sha ɗayan dare zuwa biyar na asuba, megawat 5 ake nema, a wuri ɗaya, a kan layi ɗaya, a lokacin da ofisoshi suke rufe. Madatsar Kinguélé Aval da aka tsara a kan megawat 35 ta ninka wannan sau bakwai. Megawat 5 na dare da zai yi jigilar dubun-dubatar mutane da rana ciniki ne da kowane ɗan kasuwa zai karɓa. Abin sha'awa ma, kamfanin Meridiam da yake da hannu a aikin wannan madatsa shi ne babban mai hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da bas ɗin Dakar. Masu sanin aikin ba su yi nisa ba.

Kenya ta gane amfanin dare. A 2023 aka fito da farashin wuta na musamman domin cajin ababen hawa, na dare rabin na rana, kuma a kan wannan ne kamfanoni irin su BasiGo da Roam suke sa bas masu batir a titunan Nairobi. Su wutarsu yawanci daga tururin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska take zuwa, kuma sukan sami rara da dare. Maiduguri, garin da ya sha dogon zaman duhu bayan an lalata turakun layin da ke kawo masa wuta a 2021, ta bi ta hasken rana: gwamnatin Babagana Umara Zulum ta shigo da motocin haya masu lantarki tun ƙarshen 2023. Sai dai kada a kwafi Maiduguri ido rufe. Ranar Borno daban, ta Libreville daban. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwan madatsu yake raguwa, sararin Libreville a lulluɓe yake da gajimare. Tashar hasken rana ta Ayémé za ta taimaka, amma arzikin Gabon a wannan fanni koguna ne.

Akwai sharaɗi guda da ba a son faɗa: gwamnati ta riƙa biyan kuɗin wutar da ta sha. Garejin bas da ba ya biyan SEEG ƙarin rami ne a kamfanin da bashi ya riga ya yi wa katutu. A kuma nisanta caji daga cikin kasuwa. Gobara ta sha tashi a Mont-Bouët, kuma duk wanda ya ɗaga kai ya ga yadda wayoyi suka harɗe a saman rumfuna ba ya buƙatar a yi masa bayani. 'Yan kasuwar Sabon Gari a Kano da suka ga gobarar 2016 sun san abin da ake nufi. Batir mai girma wurinsa gareji mai tsaro da na'urar kashe wuta, a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa.

3. Fili a kan titi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya, domin ba a sayo shi daga waje. Libreville gari ne da teku ta tokare ta gefe guda, ya miƙe daga Akanda a arewa zuwa Owendo a kudu, kuma hanya ɗaya tilo ce take fita da shi zuwa cikin ƙasa, wato babbar hanya ta ɗaya da ta ratsa unguwannin PK ta nufi Ntoum. Wannan ne yake haifar da cunkoso, amma shi ne kuma yake sauƙaƙa maganin. Garin da mutanensa suke tafiya a kan layi biyu ko uku ya fi sauƙin yi wa tsarin bas fiye da garin da ya bazu ta ko'ina kamar Kano. Layi ɗaya daga PK12 ta Rio zuwa tsohuwar tasha a bakin Mont-Bouët, wani daga Owendo ta Voie Express zuwa Akanda, an taɓa rayuwar mafi yawan masu fita nema.

An gwada sayen bas ba tare da ba su hanya ba, kuma an ga sakamakon. Kamfanin bas na Sogatra ya daɗe yana fama da motocin da ke kwance a gareji. Kamfanin Trans'Urb kuma ya fara aiki a 2020, lokacin annobar korona, aka riƙa hawa kyauta, talakawa kuma sun ji daɗin hakan ƙwarai. Amma bas ɗin da ta maƙale a bayan tasi 50 a Rio, kyauta ce ko ta kuɗi, ba ta san lokacin isarta ba, mai shago kuwa da lokaci yake ciniki. Sannan abin da ba ya shigo da kuɗi, gyaransa yana jiran ranar da baitulmali ya tuna da shi. Adis Ababa ta koya wa kowa wannan darasi. Jirgin ƙasanta na cikin gari, mai aiki da lantarki, an buɗe shi a 2015 ana ta murna, bayan 'yan shekaru da yawa daga cikin jiragen suka tsaya saboda rashin kayan gyara. Habasha ce kuma ta hana shigo da motocin gida masu shan mai a 2024, ta dogara da babbar madatsarta ta kogin Nilu, amma masu motocin suka tarar wuraren caji da kanikawa ba su wadata ba. Doka ta riga shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ra'ayina shi ne kuɗin mota mai sauƙi, tsayayye, rubutacce a jikin tasha, ya fi kyautar da ba ta da tabbas. Wanda ya saba yin tayi sau uku kafin ya isa kasuwa zai yi maraba da tikiti guda.

To amma filin da za a ba bas, daga hannun wa za a karɓe shi? Nan ne hankalin ɗan kasuwa ya kamata ya tashi. A al'adar biranenmu, in aka ce za a gyara hanya, mai tebur ake fara kora. Ma'aikatan magajin gari sun sha zuwa gefen Mont-Bouët su kwashe kayan masu kasa kaya a bakin titi, bayan 'yan makonni kowa ya dawo, domin ciki ba ya jiran tsarin birni. Wannan kora ba ta taɓa buɗe hanya ba, ba kuma za ta buɗe ba. Mai tebur yana bakin titi ne saboda a nan mai saye yake sauka. In aka gina tashar bas ta zamani, dubban masu saye za su riƙa sauka a wuri ɗaya, kuma adalci shi ne a zana rumfunan masu tebur a cikin taswirar tashar tun farko, a rubuta sunayen waɗanda suke wurin kafin a fara aiki, su ne za su fara samu. A Dakar, da yake da kuɗin Bankin Duniya aka yi aikin, sai da aka yi ƙidayar waɗanda layin zai tasa aka tsara biyan diyya. Ba a rasa ƙorafi ba, amma an amince cewa mai tebur yana da haƙƙi. Filin da ya kamata a fara karɓa shi ne na motocin gida da ake jerawa a gefen titi tun safe har yamma, da na manyan motocin da suke sauke kaya da tsakar rana. A ba masu sauke kaya lokacinsu, da asuba ko bayan isha'i, 'yan dako ma za su fi samun sarari.

4. Direbobi da kanikawa

Masu tasi da ƙananan bas za su ce wannan shiri ne na raba su da abincinsu. Tsoronsu ba na banza ba ne, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne daga Afirka ta Yamma da Kamaru da suka shekara da shekaru suna ɗaukar mutanen garin nan lokacin da babu mai ɗaukarsu. A 2024 hukumomi sun raba wa matasan Gabon ɗaruruwan sababbin tasi a shirin Taxi Gab+, domin 'yan ƙasa su shiga sana'ar. Wannan ya nuna gwamnati tana iya sayen motoci da yawa a lokaci guda ta ba da su bashi. Zagaye na gaba na irin wannan shiri shi ne wurin da ya dace a gwada tasi masu batir, da wurin cajinsu a tashoshin da direbobi suka saba tsayawa su ci abinci su yi salla. Dakar tun 2005 ta tara masu tsofaffin ƙananan bas a ƙungiyoyi ta ba su bashin sababbin motoci, Legas ma da ta buɗe layin bas ɗinta a 2008 da ƙungiyar direbobi ta fara aikin. Babban layi ba ya shiga lungu. Wanda ya sauka a PK8 yana buƙatar mai ƙarasa da shi cikin unguwa, a kan hanyoyin da ruwa ya cinye, kuma gajeriyar tafiya mai yawan fasinja ta fi wa direba riba a kan wuni cikin cunkoso yana ƙona mai.

Kigali ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista daga Janairun 2025, domin kamfanoni irin su Ampersand sun riga sun kafa wuraren musayar batir, ɗan acaɓa ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Dabara ce mai kyau, amma acaɓa bai yi ƙarfi a Libreville ba kamar Kigali ko Kwatano. Abin ɗauka a nan shi ne direba ba sai ya sayi batir ba, haya yake yi. Kanikawa kuwa, tun yau ya kamata a fara koya musu, domin motar lantarki ba ta da juyen baƙin mai, amma tana da wutar da ke kisa nan take in aka taɓa ta da jahilci. Duk kwangilar sayen bas da ba ta ƙunshi kayan gyara na shekaru, da horar da 'yan ƙasa, da mayar da mataccen batir ga wanda ya sayar ba, kada a sa mata hannu.

5. Masu cewa muna da mai, muna da daji

Saura ƙorafi ɗaya, wanda ake yi da alfahari. Gabon tana haƙo mai, daji ya rufe kusan kashi 88 cikin ɗari na ƙasarta, yana shanye hayaƙin da ya fi wanda take fitarwa, har Norwe ta biya ta dala miliyan 17 a 2021 saboda kiyaye shi. Me zai sa ta wahalar da kanta? Amsar ita ce dajin Ivindo ba ya tace iskar da mai gasa masara take shaƙa a bakin tasha. Ba domin a faranta wa masu taron sauyin yanayi rai ake wannan magana ba, domin ƙirjin yaran da ke tallan ruwa a tsakanin motoci ake yin ta. Man kuma ba kyauta ba ne. Matatar Sogara da ke Port-Gentil ba ta wadatar da ƙasar, ana shigo da tataccen mai, gwamnati kuma tana zuba kuɗi mai yawa kowace shekara domin farashin lita ya tsaya. Wanda ya fi shan mai shi ya fi cin wannan tallafi. Nijeriya ta cire nata tallafin rana ɗaya, 29 ga Mayun 2023, kuɗin A Daidaita Sahu a Kano ya yi tashin gwauron zabi, ma'aikata suka koma tafiya a ƙasa, domin ba a tanadi komai ba kafin ranar. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da ke fitar da manganis daga Moanda, ta biyu a duniya bayan Afirka ta Kudu, wanda har a wasu batiran mota ake sa shi, ta kuma ce daga 2029 ba za ta ƙara fitar da shi ɗanye ba, bai dace a ce jigilar babban birninta ta rataya a kan tsofaffin injinan da wasu suka gama yayinsu ba.

Mai kuɗin da yake sha'awar motar lantarki ya saya, Allah ya sanya alheri. Ya sa na'urar caji a gidansa da kuɗinsa, gidajen mai da otal-otal su kafa nasu in sun ga riba, hukuma ta tsaya ga kafa ƙa'idar tsaro da hana caji mai sauri a lokacin da wuta ta fi ƙaranci. Kuɗin jama'a kuwa, da filin jama'a, da wutar dare, na bas da tasi ne.

Kiran nan ga 'yan kasuwar Mont-Bouët yake, Hausawan Oyem da Bitam da suka gaji zama a ƙasar nan tun kakanni, da waɗanda suka zo daga Kano da Maraɗi da Garwa. Ku ne kuke biyan kuɗin rumfa da haraji, yaranku na shago ne suke makara, masu sayenku ne suke fasa zuwa ranar ruwa. Duk ranar da aka kira shugabanninku zaman tsara hanya ko tasha, kada su tsaya ga roƙon a ɗaga musu ƙafa. Su nemi a nuna musu taswira, su tambayi inda layin bas zai bi, inda masu tebur za su koma, lokacin sauke kaya, da kuɗin tikiti daga PK12. In ba a kira su ba, su rubuta wa magajin gari su nemi zaman da kansu.